Ludayin Baba Manu

Ranar da injin basan ya yi shiru ba ta taɓa fita daga raina ba. A bazarar 1975 ne, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga babban fari ba. Lokacin ina lebura a ma'aikatar ruwa da gandun daji ta nan Magaria. Ku sababbin shiga kun sha tambayata dalilin da ya sa ake rataye da tsohon ludayi a bakin basan, ba a yarda a auna abincin kifi da wani abu ba sai shi. Tunda hannuna ya fara sabawa da alƙalami, bari in rubuta muku.

Basan, ga wanda bai sani ba, babban mazubin ruwa ne na siminti, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. A cikinsa muke renon 'ya'yan karfasa. Inji ne yake juya ruwan, yana hura masa iska, yana tara dauɗar da kifi suka fitar ta zama kumfa a wani ƙoƙo, mu kuma mu zubar. An kawo kifin ne domin wani tafki da ke kusa da Yekuwa. Mutanen wurin sun rasa dabbobinsu a fari, an kuwa yi musu alkawari cewa da zarar damina ta cika tafkin za a zuba musu kifi su hayayyafa. Sun riga sun yashe shi, sun kewaye shi da ƙaya.

Shugaban sashenmu Mushe Abdu ne ("Mushe" wato "Malam" a bakin masu Faransanci), saurayi mai zafin nama da ya yi karatu a bakin teku. Ya kwance injin, ya duba, ya ce wani ƙarfe ne ya karye a ciki, kuma sai daga Yamai za a samo shi. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da "sai daga Yamai" yake nufi.

Na ce, "Mushe, to kifin fa?"

Ya ce, "Malam Idi, ba za su mutu a hannunmu ba. Can inda na yi karatu na ga wani dattijo yana riƙe da katon akwatin gilashi cike da ruwan teku, da kifi kala-kala, da murjani mai rai, kuma ba shi da wannan inji."

Na ce, "Murjanin da mata ke sawa a wuya? Rai gare shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Rai gare shi, kuma ya fi jariri rashin jure ƙazanta. Idan shi ya rayu ba inji, karfasa ma za ta rayu."

Sai ya shimfiɗa mana tsarin dattijon. A riƙa rage ruwa kaɗan-kaɗan ana ƙara sabo, kada a canza shi gaba ɗaya. A samo kainuwa a zuba a gefe guda, saiwoyinta su tsotse dauɗa. Kumfar da ta taru a sama a kwashe da ƙwarya. Abu mafi girma kuma, a rage abinci sosai, domin duk abin da kifi bai cinye ba ruɓewa yake yi, ya kashe ruwan.

Muka kama aiki. Da sassafe in ɗaura gangunan ƙarfe a amalanke in tafi rijiya, ga bazara, ruwa ya yi nisa, mata sun yi layi. Sai na yi ta ba da haƙuri kafin a bar ni in ja guga. Kainuwa kuwa sai da na je wani kududdufi wajen garin Waca na samo ta. Mushe Abdu da kansa yake naɗe ƙafar wando ya shiga, muna ɗiban ruwa da ƙwarya muna watsawa sama don ya sha iska.

Duk da haka ruwan ya ƙi gyaruwa. Ya yi kauri, ya fara wari. Kowace safiya sai mu tarar da kifi sun taso sama suna buɗe baki, wasu kuma sun juya ciki. Mushe ya ƙara rage abinci, abin bai canza ba. Ni dai na ce a raina ba zan koma Yekuwa in kalli mutanen nan da hannu biyu ba komai ba. Na shiga ciki na riƙa laluben ƙasan basan da ƙafa. Sai na ji laushi. Na duƙa na ɗebo: dusa ce, har da gutsuren tuwo.

Muna da mai gadi, Baba Manu, dattijon Bafillace. Ni kuwa asalina Babarbare ne, saboda haka kullum cikin tsokanar juna muke. Bayan azahar, lokacin da kowa ya tafi hutu, na laɓe bayan ɗakin inji in ga mai zuba dusar. Can sai ga shi ya fito da ƙwarya a ƙarƙashin riga, ya tsuguna, yana watsa dusa yana yi wa kifin wata 'yar murya irin ta kiran maruƙa.

Na ce, "Kai, Bafillace! Ashe kai ne ɓarawon da ke kawo kaya maimakon ya ɗauka?"

Bai ko razana ba. Ya ce, "Bawana, rufe bakinka. Ku Barebari ba ku san dabba ba sai a tukunya. Dubi bakinsu. Yunwa ce."

Na ce, "Baba, Mushe ya hana."

Ya ce, "Idi, haka shanuna suka riƙa buɗe mini baki. Ina tsaye da sanda, ba ni da abin ba su, har ta ƙarshe ta kwanta. Yau ina da dusa a hannu, ka ce in tsaya in yi kallo?"

Dusar ma daga rabon gidansa yake rage ta. Amma idan na rufa masa asiri kifin za su ƙare, idan na faɗa kuma ana iya sallamarsa, ga shi aikin gadin nan kaɗai ya rage masa. Na ce masa mu je wurin Mushe tare, ya faɗa da bakinsa, ni zan tsaya kusa da shi. Ya kalle ni ya ce, "Wuce gaba, bawa ke share wa ubangidansa hanya."

Mushe Abdu ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya miƙe tsaye. Amma ya fita, ya zagaya basan, ya dawo ya zauna. Ya ce, "Baba, ba abinci suke roƙo ba. Numfashi suke nema. Dusar ta ruɓe ta cinye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa suke tasowa."

Baba Manu ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Kamar saniyar da ta sha yunwa, ta faɗa wa ɗanyar ciyawar farkon damina. Cikinta ya kumbura, ta mutu da ƙoshi."

Mushe ya ce, "Haka ne, Baba."

"To ashe ni nake kashe su."

Mushe ya shiga ɗakin ajiya ya fito da ƙaramin ludayi, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Daga yau kai ne mai ba su abinci. Cikin wannan da safe, shi ke nan. Ba ni da makiyayi sai kai."

Ban taɓa ganin mai tsare doka irinsa ba. Yakan shafe bakin ludayin da yatsa don kada ya yi tozo. Idan kifi suka taso suna buɗe baki, sai ya kawar da kai, ya ɗauki ƙwarya ya yi ta watsa ruwa sama har hannunsa ya gaji. Wata rana direbanmu ya jefa ɓawon gyaɗa a ciki, Baba ya bi shi da sanda har bakin titi. Muka kwashe ruɓaɓɓiyar dusar, na ci gaba da jigilar ruwa, kainuwa ta yaɗu. Sannu a hankali wari ya tafi, har muka fara hango ƙasan basan.

Da damina ta sauka tafkin ya cika, muka loda kifin a ganguna muka tafi Yekuwa. Ba duka suka kai ba, amma waɗanda suka kai sun isa iri. Baba Manu ne ya juye gangar farko, yana yi musu kiran nan nasa, mutanen gari suna dariya. Ƙarfen inji kuwa sai bayan da basan ya zama wayam ya iso.

Da shekara ta zagayo, mai garin ya aiko mana da bandar kifi. Na kai wa Baba rabonsa. Ya ture hannuna ya ce, "Ci kai, Babarbare. Ni ba na cin garkena."

Abin da na koya ke nan. Inji yana rufa wa mai zuba abinci ba awo asiri, ranar da ya tsaya ne ake sanin mai kiwo. A aikinmu mugunta ba ta cika kashe kifi ba, tausayin da ba a auna ba ne yake kashe su. Idan kun ga sun buɗe baki, ku ɗauki ƙwarya, ku bar ludayi a rataye.