Dattijon da ke zaɓen faifan shekara

Shekara ta zo ƙarshe. Mai shagon faya-fayai tana jera sababbin kaya, sai ga wani dattijo ya shigo. Dogo ne siriri, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga ƙaramar na'urar ji maƙale a bayan kunnensa. Ya buɗe wani tsohon littafin rubutu a kan tebur. Shafukan baya cike suke, kowace shekara da faya-fayanta goma da ya fi so, duk waƙoƙin zamani masu taushi da kiɗan jita mai sanyi. Shafin bana lambobi ne kawai. Wataƙila ya taɓa aiki a gidan rediyo, wataƙila kuma don kansa yake rubutawa.

"Sa mini wannan, 'yata," in ji shi, yana nuna wani faifai.

Ta sa. Ya kara kunnensa da lasifika, ya runtse ido.

"Ƙara sauti."

"Baba, ai ya kai ƙarshe," ta ce da ƙarfi. Masu wucewa har suna waigowa.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar, ya daɗe a haka, leɓunansa na motsi kaɗan-kaɗan. Sannan ya miƙo mata biro.

"Ke kika ji shi. Ya isa na ɗaya?"

Wata uku tana sayar da faifan nan, ba ta taɓa zama ta saurare shi ba. Ta karɓi biron. Shi kuwa bakinta yake kallo, yana jira.