Kanwar da Gwaggo Ta Jefa a Zoɓona

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka tura ni gwajin koyarwa wata makaranta a Dauran. Gidan yayar babana na sauka. Gwaggo ba ta taɓa taka aji ba, amma ba a cin ta a gardama. Ni kuwa a lokacin boko ya cika mini kai, gani nake duk abin da babu shi a littafi tatsuniya ne.

Darasin da mai dubawa zai zo ya gani shi ne asid da bes, wato dangin tsami da dangin kanwa. Idan ya kayar da ni sai na maimaita shekara, babana kuma ya riga ya yanke magana: shekara uku ya ba ni, ba zai ƙara ko wata guda ba. Na buɗe kabad ɗin makarantar na tarar takardar litmos, wadda ake bambance su da ita, damina ta gama da ita. Sai na tuna an taɓa gaya mana ruwan zoɓo yana wannan aiki. Na gwada a gida. Ga shi ja zur, ina ɗiga masa ruwan toka ya rikiɗe ya yi duhu. Na yi ta murna kamar ni na ƙago abin.

Ranar da mai dubawa zai zo, na jiƙa zoɓona da sassafe, na roƙi Gwaggo ta tace mini a jarka kafin in gama shiri. Na gaya mata wani malami zai zo daga Ƙaura. Abin da ban gaya mata ba shi ne, zoɓon ba na sha ba ne.

Ina buɗe jarkar a gaban aji sai ƙamshin citta da kanumfari ya tashi. Na tsiyaya a kofin gilashi, abu ya fito baƙi-baƙi. Na yi ta maza na ce kowa ya lura, na ɗiga ruwan toka. Babu wani canji da ido zai gani. Mai dubawa ya ɗago ya kalle ni, ya sunkuya ya yi rubutu. A zuciyata kuwa Gwaggo ta sha faɗan da ba zan iya yi mata a fili ba.

Sai wata ɗaliba da mahaifiyarta ke sayar da zoɓo a kasuwa ta ɗaga hannu.

"Malama, ai kanwa anka jefa mai don ta kashe tsami. In kina son janshi ya dawo, matsa mai lemun tsami."

Da ma akwai lemun a kan tebur. Na matsa masa. Ya yi 'yar kumfa, jan ya dawo tas. Na ajiye takardar da na yi kwanaki ina haddacewa, na tambaye su ina kuma aka san kanwa na kashe tsami. Wannan ta ce a miyar yakuwa. Wancan ya ce kakarsa kanwa take lasa idan ƙwannafi ya dame ta. Na raba allo biyu, tsamiya da nono a gefe, kanwa da toka a ɗaya gefen, suna faɗi ina rubutawa har aka kaɗa ƙararrawa. Abin da na zo koya musu da dogon Turanci, tun suna ƙanana suke ganin sa a bakin murhu.

Mai dubawa ya ce dabarar ta burge shi, ya tambayi inda na koyo ta. Na yi murmushi na haɗiye yabon ni kaɗai, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Da na koma gida na zayyana wa Gwaggo komai, har da fushin da na yi. Ba ta daina tankaɗen garinta ba.

"Baƙo shi taho tun daga Ƙaura, a ba shi soɓorodo tsura, ba sukari ba yaji? Ba a gidan ga ba, ɗiyata."

Na ci gwajin. Da sakamakon ya fito, wurinta na fara zuwa kafin babana, na durƙusa na ce mata takardar nan rabinta nata ne. Godiyar da na yi mata a ranar daga zuciyata ta fito. Ta juya takardar a hannu, ta miƙo mini, ta ce ita duk ba wannan ya dame ta ba.

"Shi baƙon, ya sha kuwa?"

Bai sha ba. Na ce mata kofi biyu ya shanye.