Kwanuka Huɗun Yaya Amna

Shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Amna a maƙabartar da ke kusa da unguwar Alhilla Kuku. Duk sanda Maulidi ya matso, masu alewa suka fara kafa rumfuna, sai ta faɗo min a rai, kuma raina ya ɓaci. Akwai mutumin da ya kira ta ɓarauniya a gaban jama'a. Yana nan da ransa, har yau bai janye kalmar ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayenmu sun ƙarar da ƙarfinsu a gonakin audugar Jazira, mu muka shigo birni. Ta samu aiki a ƙaramar masana'antar wani mutum da zan kira Haj Taha, inda ake yin alewar riɗi da ta gyaɗa. Ita ce shugabar mata masu naɗe alewa a leda, yawancinsu Hausawa 'yan uwanmu. Ni kuma ina da ɗan tebur a Kasuwar Libiya a Omdurman, ina saro kayansu ina sayarwa.

Wata shekara dillalai suka fara mayar da kwalaye, wai alewa ta lalace. Haj Taha bai binciki komai ba. Ya ce matan ne ba su iya naɗi ba, ya sallami uku a mako guda. Yaya Amna ba ta yi boko ba, amma ta same ni ta ce, "Bashir, kowa cewa yake ta lalace. Wace irin lalacewa? A ina? A motar wa?"

Ga abin da ta tsara. Duk kwali na goma, kafin a loda shi, ta ciri guda biyar ta duba, ta ɗiga wa kwalin lalle a gefe. In ya iso wurina, ni ma in ciri biyar daga mai lallen, in rubuta motar da ta kawo shi, in kai mata ranar Juma'a. Ta jera kwanuka huɗu a tsakar gida: na wadda ta karye, na wadda ta narke, na wadda ledarta ta buɗe, da na mai warin gas. Kowace alewa ta shiga kwanonta, ta ja layi da gawayi a bango.

Mako uku ya isa. Kwanon ledar da ta buɗe, wanda shi kaɗai ne laifin masu naɗi, ko gindinsa bai rufu ba. Na karyayya da na warin gas kuwa har suna zuba. Waɗanda ta cira kafin lodi lafiyarsu lau. Kuma kusan duk ɓarnar daga mota ɗaya take, ta mijin 'yar Haj Taha, wanda ke ɗora jarkokin gas a kan kwalayen yana kai wa mutanensa a hanya.

Kuskurenta ɗaya. Ta ɗauki kwanukan a faranti ta kai wa Haj da hantsi, lokacin da yake karyawa da baƙinsa, surukin nasa na zaune a gefe. Ina wurin, na zo ɗaukar kaya. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Bai ko leƙa cikin kwanukan ba.

"Wannan alewar, wa ya ba ki?"

"Haj, taka ce. Na cira ne don mu gane..."

"Kun ji da kunnenku. Mako uku tana kwasar kayana zuwa gidanta. Ɓarauniya!" Sai ya juyo kaina, ya kira ni da "ya zol", wato "kai mutum" a Larabcin garin. "Kai fa, ya zol, da kai a ciki?"

Saura kwana goma Maulidi, kuma duk cinikina na shekara a kansa yake. Na ce, "Ni dai kaya na zo ɗauka." Wannan ma ina so a sani.

A ranar ya kore ta, kuma ba masana'antar da ta sake ɗaukarta. Ta koma sayar da shayi a bakin titi a unguwar Alsahafa har ciwo ya kwantar da ita. Ba ta taɓa yi min gori ba. A bikin 'yarta Nafisa na ji wata mata tana raɗa wa wata, "Ai 'yar matar nan ce da aka kama da alewa." Yaya Amna ma ta ji. Ta ci gaba da zuba wa baƙi abinci.

Bayan rasuwarta na buɗe shago, na kuma koya wa duk dillalin da ke jin maganata dabarar kwanukan. Kwalin Haj Taha in ya iso, a gaban direba ake buɗe shi, a ware, a ƙirga, a mayar masa da abinsa. Ban ƙara masa ƙarya ko ɗaya ba, ba na bukata. Sai yaƙi ya zo ya watsa mu duka, mai gaskiya da maras gaskiya.

Yanzu da muka fara dawowa, nakan ga matasan dillalai suna ɗaukar hoton kayan da suka lalace, suna jera alƙaluma a waya daga babba zuwa ƙarami. Da tana nan da ta yi dariya, ta tambaye su ko wayar tana jin warin gas. Da yawansu ba su san daga tsakar gidan wa abin ya fito ba.

Watan jiya Haj Taha ya zo shagona a Alsahafa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya sake kafa tukwanen alewa biyu, yana neman mai raba masa kaya kafin Maulidi. Na ba shi kujera da shayi, na faɗa masa sharaɗina: ya tsaya gaban matan da suka rage, gaban Nafisa, ya ce Amna ba ta yi sata ba.

Ya ce, "Bashir, wadda ta riga mu gidan gaskiya a bar ta ta huta. Zan yanka rago sadaka da sunanta."

Na ce, "Haj, ba rago ka karɓe mata ba."

Na san da ita ce da tuni ta yafe. Ita ta bar mana hanyar gane inda laifi yake, kuma hanyar tana aiki ko ba ta. Amma haƙurinta da ita aka binne shi, ban gada ba. Na nemo matan, bakwai na samu. Juma'a mai zuwa bayan la'asar za mu haɗu a gidan Nafisa, kuma ni zan fara miƙewa in faɗi abin da na ce ranar da abin da na kasa cewa. Na aika wa Haj Taha lokaci da kwatance. In ya zo, washegari motata za ta je ƙofarsa. In bai zo ba, ya cinye alewarsa shi da surukinsa.