Hular da Baba ya aike ni da ita Gombe

Ana idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da ƙanwata, za mu Gombe daga Bauchi. Masu bibiyar shafin nan sun san kwana biyu rubutuna ya yi sanyi. Wanda ya fara nuna min hakan kuwa a gida yake. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, ni ke karanta masa duk abin da na wallafa, kuma 'yan watannin nan kafin in kai rabi barci ya ɗauke shi. Abin yana ci min rai ƙwarai. Na ce to, a Gombe ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, bari in je in rubuto masa Gombe, ko wannan karon zai ji ni har ƙarshe.

Sai dai a gidanmu ba a tafiya ba sallahu. Baba ya sa aka ba ni kwalbar zuma in kai wa Alhaji Buba, tsohon abokin aikinsa a unguwar Madaki. Ya kuma ba ni hula in kai wa Oga Emeka, maƙwabcinmu na dā a Federal Low-Cost, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda suka yi shekaru suna buga diraf tare. Da kyar maganar ta fito, amma ta fito: "Hannu da hannu."

Kuɗin mota ya sake tashi, wurin zama kuwa bai ƙaru ba, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. A gadar Dindima masu soyayyen kifi suka rufe tagogi, bayan Alkaleri kuma direba ya shiga rawa da ramuka. Ni duk ban zauna ba. Ina ta latsa waya, har na rubuta sakin layi na farko tun ba mu ga garin ba: Gombe gari ne mai albarka da karamci. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ai wannan shi kika rubuta wa Azare." Na harare ta, amma da na duba, gaskiyarta ne.

Niyyata in sauke sallahu a tsaitsaye, in wuce kasuwa da sababbin tituna in ɗauki hotuna. Alhaji Buba bai san da wannan niyya ba. Ya gaishe mu da Hausa, ya sake da Fulatanci, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni kaina na kwana biyu ban gani ba. Aka kawo fura da kindirmo mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Ina sha ina kallon rana tana tafiya ta bar ni. Da na muskuta zan miƙe, sai ya tambaye ni da wane hannu Baba yake cin abinci yanzu. Na ce da hagu. Ya yi ta juya kwalbar zumar a hannunsa.

Daga nan mai keke ya bi da mu ta Tudun Wada, muka maƙale a cunkoso. Kekunan ɗinki na ta kuka a shaguna, janareta na amsa musu, wata mata na juya masa a tanda a bakin titi. Mun saya mun ci, kuma a matsayina na 'yar Bauchi ba zan ce komai ba, don a zauna lafiya. Hoto biyu kawai na samu, ɗaya ma gwiwar hannun mai keke ce ta cika shi. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tafiyar nan ta tashi a banza.

A Low-Cost an sake wa gidanmu na dā fenti, sai da bishiyar mangwaron da Baba ya shuka na gane shi. Mama Nkechi, matar Oga Emeka, tana zaune a ƙofar ɗan shagonta. Ta kira ni da sunan da rabona da jinsa tun ina firamare, ta rungume ni. Wannan matar ce ke aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, mu kuma mu aika mata nama da Babbar Sallah, a kwano ɗaya da ya yi ta kai da komo ta kan katanga. Na fito da hular na ce ina Oga.

"'Yata, Oga ya rasu tun bara," in ji ta. "Ni na hana a faɗa wa babanki. Na ji an ce ba shi da lafiya."

Na rasa inda zan sa hular. Ita ta karɓa, ta shafa ɗinkin, ta ce ɗansu zai sa ta zuwa coci. Sannan ta shiga ciki ta fito da allon diraf ɗin, gefensa duk ya cinye, wasu 'ya'yan kuma marafen kwalba ne. Ta ce bencin da Oga da Baba ke buga diraf a kai yana nan ƙarƙashin mangwaro, ba ta bari kowa ya ɗauke ba. Ban ɗauki hoto ba, ban ma tuna ina da waya ba.

Bayan la'asar muka juyo, allon a kan cinyata har Bauchi. Ban ga kasuwa ba, ban ga titunan ba, hanya duk ina saƙa yadda zan faɗa wa Baba.

Ɗan aike ba ya hutawa sai ya mayar da saƙo, don haka ɗakinsa na fara shiga. Na so in gajarta, ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Fara daga tasha." Na fara. Ya tambayi ko Alhaji Buba ya yi furfura, ko mangwaron ya wuce rufin gida, ko har yanzu shagon yana kallon gabas. Duk abin da ya tambaya na gani da idona, kuma babu ko ɗaya a cikin abin da na rubuta a mota. Da na kai kan Oga, na ɗora masa allon a ƙirji. Ya yi salati, hawaye ya bi gefen fuskarsa, ya riƙe marfin kwalba ɗaya a tafin hannu.

Abin da na koya a tafiyar nan ke nan: in daina rubuta gari kafin in isa, in daina yabon da zai dace da kowane gari, in rubuta kamar mai mayar da saƙo ga wanda ya san wurin kuma zai yi tambaya. Washegari na goge wancan sakin layi, na rubuta wannan da kuke karantawa, na karanta masa kafin in wallafa. Bai yi barci ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Koma wurin bencin."