Lubabatu da Sunayen Mutanen Guna

Mai gadin biro, wato ofishinmu, yana cewa kullum ita ke fara zuwa. Direbobi suna cewa dariyarta tsada gare ta. Matan ƙauyukan Guna kuwa Mai Sunaye suke ce mata, har waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Madam Lubabatu ke nan, sakatariyar ƙungiyarmu ta manoma a Damagaram, wadda ta ajiye aiki makon jiya. Ni mai tsaron ɗakin hatsi ne, da furfura na koyi karatu, abin da na gani kawai zan faɗa.

Da safe takan yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta yi bisimilla, ta zauna. Ran Alhamis kuma ta kwafe duk abin da ke ciki a faifai, da wata manhaja da ta samo wajen horo a Yamai, ta naɗe a ɗankwali, ta tafi da shi gida Kara-Kara.

Shugabanmu, Alhaji Mai Nasara, bai so haka ba.

"Madam, na'urar nan da abin gyaran kanta aka ƙera ta. In ta rikice, sai ta koma yadda take jiya. Ke kuwa kullum faifai, kamar mai sayar da waƙoƙi a tasha!"

"Alhaji, abin gyaran a cikinta yake kwana. Kai a rumbun ci kake ajiye irinka?"

Ya fusata. Gaban kowa ya ce asirin biro take fitarwa, ya hana. Ba ta daina ba.

A 2005 fara ta ci gonaki, ruwa ya ɗauke. Mako uku aka yi ana bin ƙauyuka ana rubuta gidaje, yawanci da sunan mata, don maza sun tafi ci-rani. Masu ba da gero suka ce in babu jerin sunaye, motocin wani gari za su nufa. Saura kwana biyu a miƙa jerin, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, kwamfuta ta mutu. Suma'ila mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai.

"To abin gyaran kanta fa?" in ji Alhaji.

"Tare suka ƙone, Alhaji."

Lubabatu ta ɗauki mayafi, ta tsai da kabu-kabu, ta nufi gida. Da ta dawo aka aro na'urar maƙwabta, aka sa faifai. Sunaye suka fito, gida bayan gida. Na ƙauye ɗaya ne babu, shi ma takardarsa na jakarta. Sai lokacin na zauna bisa buhu.

Madam, ke ce kika sha zagi kika ƙi yin sakaci. Akwai samari a Guna da suka tsallake waccan shekara da geron nan, ba su san ki ba. Mun gode. Masu riƙe da sunayen mutane, ku ajiye kwafi inda na'ura ba ta kwana.

Alhaji bai taɓa tada maganar ba, sai ran sallamarta. Ya miƙe da takardar jawabi, ya dube ta, ya ninke.

"Lubabatu, gaban mutane na ce ke maciya amana ce. Gaban mutane nake janyewa. Ni ne ban sani ba. Ki yafe mini."