Ƙayar da Anka Gitta a Hanyar Goronyo

In dai ina numfashi, ranar da anka gitta muna ƙaya a hanyar Goronyo ba ta fita raina.

Damina ta yi nisa. Mun taso daga Kwargaba cikin a-kori-kura, mutane na bisa buhunan albasa, ni anka sa ni gaba kusa da direba don tsufa. Za ni duba ɗiyata da ta haihu. Tun daga tasha direban yake faɗin ya ji a rediyo gwamnati ta saki kuɗin gyaran hanyoyi, har da na jirgin ƙasa da na sama, wai tamu ma an gama da ita. Na ce to, Allah shi sa.

Muna karya kwana sai ga ƙaya ta tare hanya. A ƙasarmu yanzu kowa ya san mi wannan ke nufi: mutanen daji. Direba ya ce kowa shi duƙa, ratsawa zai yi. Ya ƙara wuta.

Ni ko idona na kan ƙayar. An jera ta tsaf, an danne gindinta da duwatsu, an ɗaura mata jan tsumma, kamar shingen gona. Ɓarawo ba shi da wannan haƙurin. Na kama hannunsa.

"Ɗana, tsaya. Wanga aikin manomi ne."

"Inna, in na tsaya kashe mu za su yi."

"In ka wuce, kai za ka kashe mu."

Har yau ban san mi ya sa ya ji maganata ba. Ya taka birki, motar ta ja ƙayar, ta tsaya. Munka zauna muna jiran harbi. Can sai ga wani dattijo ya fito cikin gero da hauya. Ya ce tun shekaranjiya ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbati, kwalta kaɗai ta rage bisa, shi ya sa ya gitta ƙayar. Ya ɗauki dutse ya jefa gabanmu. Wurin ya rufta, ruwa na gudu ƙasa.

Direba ya sauka ya zauna bakin hanya.

Rannan na gane kuɗin da anka faɗa a rediyo ba ya cike rami, sai kuɗin da ya iso wurin. Kuma in hukuma ta bar wa talaka aikin gargaɗi, ga tsoro ya cika ƙasa, mai ceto da mai kisa kamanninsu ɗaya.