Gurbin da Haladu Mai Wake Ya Bari a Takarda

Ranar da aka buɗe akwatin kwangila, tun asuba ake ruwa, irin na Ibadan wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Kwatocin Sabo, unguwarmu ta Hausawa, duk sun cika. Haladu Mai Wake ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe ƙafar wando, ya leƙo shagona ya ce in raka shi. Shekara ta biyu ke nan da fara yaƙin basasa.

Haladu mutumin Gumel ne. Da dako ya fara a tashar jirgin ƙasa, a hankali har ya zama maigida. Fatake su zo daga arewa su sauka wurinsa, ya ba su ɗaki da tuwo, ya nema wa kayansu mai saye. Abin da ya riƙe gidan kuwa wata makarantar kwana ce a bayan Mokola. Shekara goma sha ɗaya yana kai mata wake da albasa, ba takarda ko ɗaya. Mai kula da sito, wani dattijon Bayarabe da ake kira Baba Lamidi, zai zura hannu cikin buhu, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya taya. Haladu ya ce albarka. Baba Lamidi ya ƙara, a sake cewa albarka. Kafin su gama cin goro an sallama. Fatake sun san duk wanda ya sauka gidan Haladu wakensa ba ya kwana.

To, sai Baba Lamidi ya yi ritaya, tsari ya canza. Aka liƙa sanarwa cewa duk mai son kwangilar abinci ya karɓi takarda, ya rubuta irin kayansa da kuɗin buhu, ya liƙe a ambulan ya jefa a akwati mai kwaɗo. Ranar buɗewa a duba na kowa a zaɓa.

Ɗan ƙanensa Mijinyawa, haifaffen Sabo, akawu a Dugbe, shi ya zauna cike masa takardar. Ina wurin.

"Baba, saura nan, kuɗin buhu."

"Wa ya taya?"

"Ai ba mai tayawa. Kai za ka faɗa."

"Ni mai kaya in fara faɗin kuɗi? Tallan ƙosai nake? Bar wurin haka. In sun ga babu, za su kira ni mu zauna."

"Wallahi Baba ba za su kira ba."

"Kai da rabin bakinka Yarabanci ne, kai za ka koya mini ciniki? Liƙe."

Ya liƙe.

Ranar buɗewar muka isa makarantar a jiƙe. Haladu na riƙe da ɗan ƙullin wake a cikin riga don kada ruwa ya taɓa shi. Mutum uku a bayan tebur, ɗaya yana yage ambulan yana karantawa. Da aka zo kan tasa, mutumin ya duba gaba, ya juya baya, ya ajiye ta gefe. Haladu ya miƙe ya kwance ƙullin.

"Oga, ga waken. A taya."

Ba wanda ya yi dariya, gaskiya. Sabon mai siton ya ce wa Haladu ya yi haƙuri, takardar da ba kuɗi a ciki ba a lissafa ta, kuma in ya saurare shi a nan ya zalunci sauran. Nata'ala, maƙwabcinmu, wanda wakensa bai kai na Haladu ba, shi ya samu. Da muka kai bakin masallaci Haladu ya juyo wurina. "Ko ciza ba su yi ba," in ji shi.

Fatake ba su yi masa rashin kunya ba. Ɗaya-ɗaya suka riƙa zamewa. Wannan ya ce ɗakin na yoyo, wancan ya ce yana da ɗan'uwa a gidan Nata'ala. Lokacin yaƙi ne, mota na wuya, wanda ya sha wahalar kawo kaya ba zai zauna kallon ƙwaro yana cin buhunsa ba.

Da shekara ta zagayo ya yarda a rubuta kuɗi. Amma sai ya sa Mijinyawa ya rubuta sama sosai, yadda ake yi, wai don a sami wurin saukowa. Ba a kira shi ya sauko ba. Shekara ta uku ya karɓo takardar, ya ce wannan karon zai faɗi gaskiyar kuɗin. Sai dai babu bafatake ko ɗaya a gidan da zai kawo waken. Takardar ba ta je akwati ba.

Ban taɓa jin ya zagi Nata'ala ba, kuma ban taɓa jin ya ce shi ya yi kuskure ba. In an tayar da zancen sai ya ce ciniki ido da ido ake yi.

Haladu yana nan Sabo da ransa, idonsa ya yi rauni. Ɗakunan fatake 'yan dako ke haya a ciki. Shi kuma yana zama a zaure da kwano biyu na wake a gabansa, matan unguwa na aikowa ana auna musu.